Fenti, Ɗari da Ƙura: Nazarin Wata Bitar Zane a Birnin Damagaram

A tsakiyar watan Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, wata ƙaramar ƙungiya ta masu zane a Zinder, wato Damagaram, ta shirya bita ta safiya uku a unguwar Birni. Sharaɗin bitar guda ne: ba za a zauna a ɗaki ana kwafar hoto daga waya ba, kowa zai fito fili ya zauna gaban gini ya zana abin da idonsa ya gani, da fentin akirilik, wani fentin ruwa mai roba a cikinsa. Mahalarta ba su kai ashirin ba. Akwai ɗaliban jami'a, da ƴan lise, wato sakandare, da samari biyu masu rubuta allunan shaguna, da wata matar aure mai zanen lalle, sai wani dattijo magini wanda ya tsufa yana yi wa fuskar zaure ado. Malamin da ya jagoranci aikin ya koyi zane a makaranta, ya kuma jima yana aiki da akirilik, amma a ɗaka. Ni nawa aikin shi ne in zauna a gefe in rubuta abin da ya gudana.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne yadda shiri ya saɓa da wuri. Masu shirin sun karanta shawarwarin da ake bai wa masu zane a fili lokacin sanyi, suka yi tanadi a kansu. Shawarwarin kuwa akasari mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta su, inda sanyi ke zuwa da laima, fenti ya ƙi bushewa, mai zane ya yi ta jira. Ɗarin Damagaram busasshe ne. Sun fito da shirin fentin da zai ƙi bushewa, suka tarar da wanda ke bushewa a bakin burushi.

Wuri da kaya

An zaɓi Birni ne saboda gine-ginensa. Nan tsohon garin yake, da fadar Sarkin Damagaram wadda ginin ta ya koma tsakiyar ƙarni na 19, zamanin da Sarki Tanimu ya ƙarfafa daular ya kewaye garin da ganuwa. Zinder ce kuma hedikwatar mulkin Faransa a Nijar har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. Ga mai koyon zane, amfanin unguwar shi ne komai a fili yake: bangon ƙasa mai faɗi, zankwaye a kan soro, dagi da sauran ado a fuskar zaure, lunguna masu inuwa, da manyan duwatsun nan da gidaje suka jingina da su. An je wajen mai unguwa tun da wuri, ya ba da izini bisa sharaɗin kada a kafa allo daidai ƙofar gidan mutane inda za a hango tsakar gida. An kuma bar batun zana mutane ga ra'ayin kowa. Mafi yawa ba su zana ba, kuma ba wanda ya tsawaita magana a kai.

Kayan aiki iri biyu ne, kuma wannan ya yi tasiri daga baya. Akwai akirilik na bututu, irin wanda aka yi musamman don masu zane, an sayo kaɗan daga Kano saboda tsadarsa. Akwai kuma fentin ruwa na gini a ƙananan gwangwanaye, wanda masu rubuta alluna suka saba amfani da shi, an ƙara masa launi da ruwan kala. Abin zana a kai kwali ne mai kauri da siraran katako, an shafa musu farin shafe na farko. Faranti na roba shi ne wurin haɗa launi. Ruwa jarka biyu. Wanda ya san Zinder ya san ruwa ba abin da ake wasa da shi ba ne a garin, ballantana a ɗauko shi don wanke burushi.

Akirilik dai ƙwayoyin roba ne ƙanana ƙwarai da ke yawo a cikin ruwa tare da garin launi. Irin na ruwan nan ya shiga kasuwa ne a Amurka a tsakiyar shekarun 1950, ƙarƙashin sunan Liquitex. Idan aka shafa shi, ruwan ya tashi, ƙwayoyin su matso juna su narke su zama fata guda mai riƙe launin. Da zarar hakan ta faru, ruwa ba ya sāke jiƙa shi. Haɗuwar ƙwayoyin tana bukatar ɗan ɗumi: masu yin fentin suna gargaɗin kada a bar shi ya bushe a ƙasa da digiri 9 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyas, don fatar kan fito da rauni, ta tsage ko ta yi gari. Wannan gargaɗin ne masu shirin suka riƙe. Ba ƙarya ba ne, sai dai ba shi ne babbar matsalar ba.

Safiyar farko

An sa lokaci ƙarfe 7, wai don a kama hasken hantsi tun yana sabo. A Janairu rana tana fitowa a Zinder ne gab da ƙarfe 7, kuma a lokacin ne sanyi ya fi tsanani. Matsakaicin sanyin asuba a watan yana wajen digiri 14 zuwa 15, wasu ranakun ya sauka ƙasa da haka, da rana kuma ya haura zuwa wajen 30. Mutumin Turai zai ji wannan ya yi dariya. Amma jikin da ya saba da zafin Afrilu, ga iska, ga zama wuri ɗaya ba motsi a kan dutse, wannan ɗari ne na gaske.

Rabin mutane ba su iso ba sai kusan 8. Waɗanda suka zo a kan kabu-kabu sun sauko hannuwa a sandare. Wasu sun zo da safar hannu ta ulu, suka ga ba ta riƙe burushi, suka cire. Aka zauna a kan duwatsu saboda daga nan aka fi ganin zankwayen, aka ɗora alluna a cinya ko a kan dutsen kansa. Awa ɗaya ta farko kusan duk a zanen fensir ta tafi, layuka na rawa.

Zuwa ƙarfe 9 jiki ya fara sakewa, sai iska ta taso. Haka hunturu yake yi: da asuba yakan lafa, in rana ta ɗaga ta ɗumama ƙasa sai iskar da ke gudu a sama cikin dare ta sauko, daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa. Danshin iska a wannan lokacin kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Fentin da aka matsa a faranti ya fara yin yana a sama, kamar yanar da ke kwanciya a kan kunu in ya huce, kafin mai shi ya gama haɗa launi na biyu. Mutum ya shafa launin ruwan ƙasa a bangon da ke cikin zanensa, ya juya ya ɗebo mai duhu don ya saje su, ya dawo ya tarar na farkon ya riga ya kama. Burushin da aka ajiye minti kaɗan ba a ruwa ba ya ƙage. Ukun da suka fi tsada a cikinsu ba su sāke amfani ba.

Abin da kowa ya yi shi ne abin da hankali zai fara ba mutum: ƙara ruwa. Aka yi ta tsoma burushi a gwangwani, fenti ya tsinke, launi ya kwanta fari-fari ba ƙarfi. Ruwan jarka ɗaya ya ƙare kafin 10. Wata ɗaliba ta fito da kwalbar gilisarin ɗinta ta shafawa, irin wadda kowa ke yawo da ita a hunturu saboda kaushi, ta ce ta ji ana cewa yana hana fenti bushewa. Gaskiya ne yana hanawa. Ta zuba da yawa, allonta ya kwana biyu yana danƙo, ƙura ta bi ta manne a kansa har aka rasa gane launin da ta sa.

Da aka jera aikin ranar a zauren da aka ara, wasu alluna sun nuna wata matsala ta daban: in ka goga yatsa, launi ya biyo ka kamar alli, wani wuri kuma ya yi ƙananan tsaga. Malamin ya ce sanyi ne. Ɗaya daga cikin masu rubuta alluna ya ce, "Malam, a yi mini afuwa, ni dai ina ga ruwa ne ya yi yawa. Mu in mun tsinka shi haka, ko a bazara sai ya yi gari."

Wa ke da gaskiya?

A ganina dukkansu sun taɓo wani abu, amma saurayin ya fi kusa. Allunan da suka yi gari duk na fentin gini ne, wanda tun asali robarsa kaɗan ce, cikon alli ya fi yawa. In aka ƙara masa ruwa, ɗan abin da zai riƙe launin ya watse. Ba allo ko ɗaya na akirilik ɗin bututu da ya yi haka, duk da cewa wuri ɗaya aka zauna, lokaci ɗaya.

Sai dai maganar malamin ma ba ta faɗi ƙasa ba, kuma a nan ne lissafin ya ɗan fi yadda ake zato. Ma'aunin zafi na iya nuna digiri 13, mutum ya ce ai an wuce iyakar 10. Amma jiƙaƙƙen abu a busasshiyar iska yakan fi iskar sanyi, domin ruwan da ke tashi yana tafiya da ɗumi. Wanda ya yi alwala da asuba a hunturu ya fita waje ya san haka a fatarsa. Fenti ɗanye a kan siririn katako da aka ɗora bisa dutsen da ya kwana yana shan sanyi zai iya sauka ƙasa da abin da ma'auni ya nuna. Allunan da suka tsage kuwa na waɗanda suka riga kowa fara shafa fenti ne, a kan dutse. Kenan sanyi ya yi nasa aikin, amma a awa ɗaya ta farko kawai, kuma a kan fentin da ruwa ya riga ya raunana.

Washegari aka gwada. Aka shafa layi-layi a guntun katako, fentin gini da na bututu, tsinkakke da mai kauri, da sassafe a kan dutse, sannan aka maimaita bayan rana ta ɗaga. Tsinkakken fentin gini ya yi gari duka sau biyun, na sassafen ya fi muni. Sauran ba abin da ya same su. Malamin ya duba, ya miƙa wa saurayin hannu.

Abin da aka sauya

Gyaran da ya fi amfani ko dala ba a kashe masa ba, kuma daga dattijon ya fito. Tun ranar farko yake zaune can gefe, ba inda sauran suka taru ba, yana aikinsa a natse. Da aka tambaye shi ya ce, "Ku yara kun zauna inda ido ke so. Magini ba ya yaɓe a bakin iska." Ya kai su kudancin wata doguwar katanga da ta miƙe gabas zuwa yamma. A Janairu rana tana karkata kudu, don haka gefen kudu yana samun hantsi da wuri, katangar kuma tana tare iskar da ke zuwa daga arewa maso gabas. Mutum ya ba rana baya, jikinsa ya yi ɗumi, inuwarsa ta rufe allon. Daga nan ba a ganin zankwaye sosai kamar daga kan dutse, amma ana iya aiki.

Lokaci ma aka sauya. Haɗuwa ƙarfe 8 saura kwata, shayi tukuna, zanen fensir yayin da hannu ke sakewa, fenti daga 8 da rabi zuwa 10 da rabi. Wannan ne ɗan tsakanin da sanyi ya sassauta iska kuma ba ta kai ƙarfinta ba. Ko ba don iska ba, rana na tafiyar digiri 15 a kowace awa, inuwar da ka zana da farko ba ita za ka tarar ba bayan awa biyu. Malamin ya sa kowa ya fara kafa inuwoyinsa cikin minti goma na farko, ya kuma daina bin su in sun gusa.

Faranti aka yi wa dabara sananniya: tsumma jiƙaƙƙe a ƙasan roba mai murfi, takarda mai santsi a kansa, fenti a kan takardar. Danshi na ratsowa daga ƙasa, in za a ɗan dakata a rufe. Aka aro kwalaben fesa ruwa daga wani shagon aski, feshi ɗaya sama-sama lokaci-lokaci. Aka rage launuka zuwa fari, ruwan ɗorawa mai ƙasa-ƙasa, ja mai duhu, shuɗi, kowa ya haɗa launuka uku ko huɗu da yawa tun kafin ya taɓa allo. Gwangwani biyu ga kowane mutum biyu, ɗaya na ɗauraya ɗaya na tsafta, kuma burushi ba ya kwanciya a bushe. Ruwan da aka sha wahalarsa jiya, yau jarka ɗaya ta isa har da saura.

Mafi wuya shi ne sauya hannu. Ɗaliban sun saba da saje launi a hankali, su yi ta murza burushi har iyaka ta ɓace. A wannan iskar ba hali. Masu rubuta alluna kuwa sana'arsu ta riga ta koya musu ɗora launi sau ɗaya, a bar shi, a ɗora wani a gefensa ko a kansa in ya bushe. Mai lallen ma haka, hannunta ba ya komawa kan layin da ya wuce. Malamin ya lura, ya raba su cikin ɗaliban. Na ji tana ce wa wata ƴar lise, "Ƙanwata, sa ki ɗauke hannu. In kin koma kin ɓata." Saurin bushewar da ya zama musiba jiya, yau shi ya ba su damar ɗora shafe uku cikin rabin awa.

Samaniyar da ba shuɗiya ba

Wannan ɓangaren ba shi da alaƙa da kayan aiki, amma a wurina shi ne ribar bitar. A ranar farko kusan kowa ya zana samaniya shuɗiya shar, bango ja jawur, inuwa baƙa ƙirin. Alhali ba wanda ya ga shuɗi a sama ranar. Hazo ne ya rufe, fari mai ɗan ruwan ɗorawa, rana kanta kana iya kallonta ba ka ƙifta ba. Sun zana abin da suka sani ne daga littafin makaranta da hotunan kalanda.

Malamin ya huda ƙaramin rami a farar takarda, ya sa kowa ya leƙa samaniya ta ciki ya faɗi launin da ya gani. Aka yi shiru, sai wani ya ce toka. Wani ya ce a'a, toka mai ƙasa. Aka leƙa bangon da ke kusa, aka leƙa na ƙarshen lungu. Ƙasa ɗaya aka gina su da ita, amma na nesa ya koɗe ya kusa komawa launin samaniyar. A ƙasashen da iska ke da laima, abin da ke nesa shuɗi-shuɗi yake komawa, kuma haka littattafan koyon zane ke koyarwa. A hunturu ƙura ce ke tsakaninka da abin, don haka fari da ruwan ƙasa yake komawa, kuma ba sai an yi nisan kilomita ba, a cikin lungu guda ma ana gani. Inuwa ma ba baƙa ba ce, domin hazo na watsa haske ko'ina, gefenta ya yi laushi. Wanda ya sa baƙi tsantsa, allonsa sai ya yi kama da tsakar ranar bazara.

Akwai wani tarko kuma: akirilik yana ƙara duhu in ya bushe, saboda robar da ke cikinsa fara ce kamar madara tana ɗanya, sai ta koma garai. A zanen da duk armashinsa ke cikin bambanci kaɗan tsakanin toka da toka, wannan ɗan duhun ya isa ya janyo bangon nesa ya dawo gaba. Maganin shi ne a haɗa launi ya ɗan fi abin da ake so haske, a gwada a gefen kwali. A wannan iskar gwajin ba ya cin minti biyu.

Ƙura kuwa ba a rabu da ita ba. Ko a bayan katanga tana sauka. Ɗaliban suka yi ta ƙoƙarin tsince ta da farce suna ɓata aiki, har aka hana: a bari ya bushe, a share da busasshen tsumma, abin da ya manne a bar shi. Dattijon ma da gangan ya ɗebi ƙasa mai laushi daga gindin katanga ya cuɗa a fentinsa don bangon da ya zana ya yi kaushi irin na yaɓe. Malamin bai so ba, ya ce, "Baba, ƙasa za ta raunana fentin." Haka ne in ta yi yawa. Da fentin bututu mai kauri ya yi, kuma ya riƙe. Ni dai allonsa ne na fi tsayawa a gabansa, ko da yake ba zan ba mai koyo shawarar ya fara da haka ba.

Safiya ta uku da bayanta

Ranar ƙarshe hazo ya yi kauri har ba a ganin ƙarshen lungu, sanyi kuma ya jima bai sake ba tunda rana ba ta huda ba. Aka jinkirta fenti zuwa 9. Kusan kowa ya gama allo ɗaya cikakke, wasu biyu. Yaran unguwa, waɗanda ranar farko suka yi cincirindo suna tayar da ƙura da gudu, an ba su guntayen kwali da ragowar fenti can gefe, ƙarƙashin kulawar ɗalibi ɗaya.

Asara ta ƙarshe wajen kwashe kaya ta faru. Akirilik kan bushe a sama cikin mintuna, amma cikinsa na ɗaukar kwanaki kafin ya gama ƙarfi, kuma fuskarsa na son manne wa ƴar uwarta. Wasu suka haɗa alluna fuska da fuska suka ɗaure a bayan babur, suka bi rana. Da aka buɗe, biyu sun manne, rabuwarsu ta ɗauke fenti. Waɗanda suka sa takarda mai santsi a tsakani, ko suka riƙe a hannu, nasu ya isa lafiya. Ruwan wankin burushi kuma ba a zubar a lungu ba: an bar shi a bokiti ya kwanta, aka tsiyaye na sama, laka ta bushe aka kankare ta zuwa shara.

Ƙungiyar ta zauna bayan mako biyu. Sun amince za su sake yi a hunturu mai zuwa, da alluna ƙanana, da farin fenti mai kyau a babban gwangwani tunda shi ya fi ƙarewa, fentin gini kuma a bar shi ga shafen farko kawai. Masu rubuta alluna ba su gamsu da wannan ba, sun ce wanda ya koya da kayan Kano ba zai ci gaba ba in bita ta ƙare, tunda aljihunsa ba zai kai ba, gara a koya masa sarrafa abin da ke kasuwar Dole ta cikin Zinder. Batun lokaci ma bai warware ba. Tsakanin 8 da rabi zuwa 10 da rabi ne fenti ya fi so, amma shi ne lokacin da mai lallen da wasu mata biyu suka ce aikin gida ya fi riƙe su, ƴan makaranta kuma sai a ranakun hutu. An ɗora wa malamin da dattijon su je su duba ko akwai katangar da za ta yi wa zaman la'asar, lokacin da iska ke lafawa kafin ɗari ya dawo.